Hoton zalɓe yana kamun kifi: me ya sa nake makara, kuma yaya zan duba hoton wani?

Tambaya: Na kai wata shida ina bin tsuntsayen bakin ruwa da kyamara, burina in samu hoton zalɓe a daidai lokacin da ya cafki kifi, amma kullum ko dai in makara ko kuma hoton ya fito dishi-dishi. Ga hotuna uku na haɗo, biyu na zalɓe, ɗaya na ƙaramin farin tsuntsun nan mai baƙaƙen ƙafafu da rawayan yatsu. Na ɗauke su da gilashin kyamara mai jawo nesa na milimita 400, saurin ƙiftawa 1/500 na daƙiƙa, ƙofar haske f/8 (faɗin kafar da haske ke bi ya shiga kyamara), ISO 200 (ma'aunin yadda kyamara take jin haske), ina tsaye a kan gaɓa da misalin ƙarfe 11 na safe. Duk wanda na nuna wa sai ya ce "ya yi kyau" ya wuce. Ina neman gyara na gaskiya, kuma ina so in san yadda zan duba hotunan da wasu suka fara turo mini ba tare da na yi musu ƙarya ko na karya musu gwiwa ba.

Amsa: Malam, na duba hotunan guda uku a kan babban allo, na kuma karanta bayanan saitin da ka haɗo, kuma wannan bayanin ya sauƙaƙa mini aiki matuƙa, domin da yawa daga masu neman gyara hoton kaɗai suke turowa, su bar mai dubawa yana ta kirdado. Kafin in shiga maganar lambobi, zan fara da makarar da ka ce kana yi, domin a ganina ita ce ta fi tsaya maka a gaba. Mutum mai lafiyar ido da hannu yana buƙatar kusan kashi ɗaya cikin huɗu na daƙiƙa tsakanin ganin abu da danna maɓalli, kuma a cikin wannan ɗan lokacin zalɓe ya riga ya kai kansa cikin ruwa. Duk wanda ya jira sai ya ga sara sannan ya danna, ƙeya da fantsamar ruwa kawai zai samu, ko da wace irin kyamara yake riƙe da ita. Abin da ya rage shi ne ka san sara yana tafe tun kafin ya zo, kuma zalɓe ba ya ɓoye wannan ga wanda ya zauna ya zuba masa ido.

A wuyan zalɓe akwai wani ƙashi, na shida idan aka ƙirgo daga kai, wanda ƙirarsa ta bambanta da ta sauran, shi ne yake ba wuyan damar lanƙwashewa ya tsaya kamar baka da aka ja, sannan ya saki gaba ɗaya a lokaci guda. Saboda haka wuyan ne zai gaya maka halin da tsuntsun yake ciki. Idan ka ga ya nutsar da kai cikin kafaɗu, ya tsaya da ƙafa ɗaya yana duban nesa, to hutawa yake yi, kana iya sauke hannu kai ma ka huta, domin yana iya shafe sa'a guda a haka. Idan kuwa ya miƙa wuya gaba a karkace, baki yana duban ruwa, yana zare ƙafa daga ruwa a hankali da yatsu a tattare, yana mayar da ita ba tare da ruwan ya motsa ba, to farauta ta fara. Da zarar ya hango kifi sai ya ƙame, kan ya tsaya wuri ɗaya ko da jikin yana ɗan matsowa a ƙarƙashinsa, sai wuyan ya fara naɗewa baya, ƙirji ya sauko kusa da ruwa, ƙafafu su ɗan lanƙwashe. Wannan naɗewar ita ce lokacinka, a nan za ka danne maɓalli ka riƙe, kyamara ta yi ta ɗauka a jere, ko da kuwa sau uku cikin biyar zai fasa ya miƙe ya ci gaba da tafiya.

Za ka kuma lura yana karkata kai gefe guda kafin ya kai sara, musamman idan rana tana ƙyalli a kan ruwa. Yana neman kusurwar da ƙyallin ba zai rufe masa gani ba, sannan yana da wani lissafin da zai yi, domin haske yana karyewa idan ya fito daga ruwa zuwa iska, kifin da ake gani daga sama yana ƙasa da inda ido yake nunawa. Wannan auna wuri da yake yi shi ne yake ba mai ɗaukar hoto 'yan daƙiƙun shiri. Shawarar da nake ba duk wanda ya zo mini da irin kukanka ita ce ya bar kyamara a jaka na rabin sa'ar farko, ya zauna yana kallo, duk lokacin da ya ji a ransa sara ya zo ya ce "yanzu" a hankali, ya ƙirga sau nawa ya dace. Ranar da dacewarsa ta fi kuskurensa yawa, ranar ce ya fara ɗaukar irin wannan hoto.

Sai dai abin da na bayyana na zalɓe ne, kuma ba dukkan tsuntsayen bakin ruwa ne suke farauta irin tasa ba. Farin tsuntsun da ke hotonka na uku ba mai haƙurin tsayuwa ba ne: yana tura ƙafa ɗaya gaba ya karkaɗa rawayan yatsun nan a cikin laka don ya tayar da abin da ya ɓuya, wani lokaci ya sheƙa a guje da fukafukai a ɗan buɗe yana bin ƙananan kifi, kuma yana iya kai sara sau da yawa cikin minti ɗaya. A kansa ya kamata ka koyi hannu, domin zai ba ka a safiya ɗaya damar da zalɓe ba zai ba ka a mako guda ba. Kada ka haɗa shi da balbela, wadda ake yi wa kirari da ci da motsin wani, domin ita fari da ƙwari take bi a ƙafar shanu, kifi ba shi ne abin da ya dame ta ba. Akwai kuma baƙin zalɓen Afirka mai yin laima da fukafukansa, ya rufe kansa ruf na 'yan daƙiƙu yana farauta a cikin inuwar da ya yi. Shi saransa ba a ganinsa ma, hotonsa shi ne laimar, da kuma lokacin da kan ya ɓullo. Babban tsuntsun nan dangin shamuwa mai rawayan baki da jar fuska kuwa da taɓawa yake kamu, yana tafe da baki a buɗe cikin ruwa har sai kifi ya goge shi, kuma an auna ɗan'uwansa na nahiyar Amurka an tarar bakin yana rufewa cikin kusan kashi 25 cikin 1000 na daƙiƙa, don haka babu wata alama da za ka jira, sai dai ka jira ɗagowar kai. Shi kuwa zalɓe mafi girma a duniya, wanda ake kira Goliyat, mai tsayin kusan mita ɗaya da rabi, 'yan manyan kifaye kaɗan suke isarsa a yini, wanda zai ɗauke shi sai ya tanadi wurin zama mai daɗi.

Akwai abin da nake so ka sake tunani a kansa, wato ɗaukar da ka yi cewa lokacin cafka shi ne hoton. A daidai wannan lokacin kai yana cikin ruwa, ido ba ya ganuwa, kifi ba ya ganuwa, kuma mai kallo ba shi da abin da zai riƙe sai farin kumfa. Abin kallo yana cikin daƙiƙun da suka biyo baya, lokacin da kan ya ɗago da kifi a gicciye yana lanƙwasa, ruwa yana tsiyaya daga baki, sai tsuntsun ya fara jujjuya shi, wani lokaci ya cilla shi sama kaɗan ya sake cafkewa, domin dole ne kan kifin ya fara shiga saboda kada ƙayoyi da ɓawo su tokare a maƙogwaro. Bayan haɗiya yakan tsoma baki a ruwa ya wanke, ya girgiza jiki gashi ya tashi. Na koyi wannan ne da asara. Wata safiya na kwanta rub da ciki a bakin wani tafki na kusan minti 50 ina jiran zalɓe guda, laka ta jiƙa mini gwiwar hannu har ta yi sanyi, sai ya kai sara ya fito da tarwaɗa wadda ta fi bakinsa tsawo. Na ɗauki jerin saran, murna ta sa na sauke kyamara ina duba allo don in ga ko na samu. Ina cikin dubawa ya tako da ita kan gaɓa, ya caka mata baki sau da dama har ta daina motsi, ya tsoma ta a ruwa, ya cilla ta sama ta juyo da kai, gashin bakinta a baje, ranar safe tana haskaka cikinta. Da idona na gani, ta saman kyamara. Hotunan saran da na yi wa murna kuwa babu ko ɗaya da na ajiye. Tun daga ranar ba na cire ido daga kyamara sai tsuntsu ya haɗiye ya wanke baki, kuma ina ɗauka ne a gajerun jeri don kada ma'ajiyar kyamara ta cika ta tsaya mini a tsakiyar abu.

Yanzu sai lambobi, kuma nan gyaran ba shi da wuya. Ƙiftawar 1/500 ta isa tsuntsun da ke tsaye cak, amma ba ta isa kan da ke tafiya da irin wannan gudu ba. Sara yana buƙatar 1/2000 a ƙalla, idan kuma kana son ɗigon ruwa ya tsaya ɗaya-ɗaya kamar tsakiya, ka kai 1/3200. Abin takaicin shi ne kana da hasken yin haka a ranar: da ka buɗe ƙofar haske daga f/8 zuwa f/5.6 ka kai ƙiftawa 1/2000, ba tare da ka taɓa ISO ba, da motsin ya tsaya, kuma da hasken da ya shiga ya ragu da rabi, wanda shi ne ainihin abin da farin tsuntsunka yake buƙata, kamar yadda zan nuna maka a ƙasa. Da sassafe, lokacin da haske bai yi ƙarfi ba, kada ka ji tsoron kai ISO 1600 ko 3200, domin yashi-yashin da yake kawowa ana iya rage shi a kwamfuta, amma babu manhajar da za ta dawo da idon da motsi ya shafe. Ka sa fokas, wato saitin da ke sa abu ya fito tar, a kan mai bin motsi, ka ɗora shi a ido, ka yi amfani da ƙaramin yanki, domin idan ka bar wa kyamara dukkan fili za ta bar tsuntsu ta kama fantsamar ruwa. Idan kyamararka tana cikin na zamani masu ajiye hotunan rabin daƙiƙa zuwa daƙiƙa ɗaya kafin a gama danna maɓalli, kamar yadda ake samu a wasu na Olympus da Nikon da Canon da Sony, ka kunna wannan, yana rage makara sosai, ko da yake ba ya gaya maka lokacin da za ka ɗaga kyamara.

Wani abu da mutane ba su cika lura da shi ba shi ne wajen da tsuntsu zai kai sara dangane da inda kake. Da gilashin milimita 400 a f/5.6, idan tsuntsu yana nisan mita 15, zurfin wurin da zai fito tar bai kai rabin mita ba, alhali kan zalɓe yana iya yin tafiyar da ta kai haka idan ya saki wuya. Idan ya sara yana fuskantarka ko yana ba ka baya, kan zai fice daga wurin da fokas yake kafin kyamara ta bi shi. Idan kuwa kana gefensa, ya sara daga hagu zuwa dama ko daga dama zuwa hagu, kan yana nan a nisa ɗaya da kai tun daga farko har ƙarshe. Don haka ka zaɓi wurin da tsuntsun zai gifta ta gabanka, ka kuma bar fili mai yawa a gaban bakinsa, kada ka cika hoto da jikinsa, in ba haka ba wuyan zai miƙe kan ya fita daga hoton.

Tsayuwar da ka yi a kan gaɓa da ƙarfe 11 ta cuce ka ta fuska biyu. Rana tana tsaka tana jefa inuwa a ƙarƙashin ido da ciki, tana ƙona baya, kuma idan ƙasa ta yi zafi iskar da ke kan ruwa da laka tana rawa, ta ɓata kaifin duk abin da ke nesa ko da saitinka daidai ne. Sa'a ɗaya ko biyu bayan fitowar rana, da irinsu kafin faɗuwarta, su ne lokacin aiki, rana tana bayanka inuwarka tana nuna tsuntsun, sai fa idan da gangan kake son haske ya biyo ta bayansa don ɗigon ruwa ya yi walƙiya. Sannan daga tsaye kana duban tsuntsu ne daga sama, abin da ke bayansa shi ne ruwan da ke dab da shi, da duk tarkacen da ke kai. Idan ka sauko har gilashi ya kusa taɓa ruwa, bayansa ya koma gaɓar can nesa wadda za ta narke ta zama launi ɗaya mai laushi, kuma mai kallo zai ji kamar shi ma a cikin ruwan yake. Ka duba wurin sosai kafin ka kwanta idan ruwan da kada ke zama ne, kuma kada ka saba shiga ruwan da ba ya gudu da fata a buɗe saboda tsargiya. Ka riga tsuntsu zuwa, ka nemi inda ruwa yake janyewa yana barin kifi a ƙananan kududdufai, ko mashigin da ruwan teku yake bi idan yana komawa, ka zauna ka bar shi ya zo inda kake.

Ga abin da na gani a hotunanka. A na farko, inda kan zalɓe yake shiga ruwa, ƙafafunsa da ciyawar da ke kusa da su sun fito tar, kai da wuya ne kaɗai suka shafe, wannan ya nuna fokas ɗinka daidai yake kuma hannunka bai yi rawa ba, ƙiftawa ce kawai ta yi jinkiri. Hoton ya kuma karkace kaɗan, kuma hanyar gane haka idan babu gaɓa a ciki ita ce a duba surar tsuntsun da ke cikin ruwa, wadda dole ta kasance a ƙarƙashinsa daidai, ido a saitin ido. Na biyu, mai kifi a baki, na tabbata shi ne wanda abokanka suka fi yabawa, amma a wurina shi ne mafi rauni: tsuntsun ya juya kai ya ɗan ba ka baya, idon ya fito fari-fari saboda siririyar fatar nan da tsuntsaye suke ja a kan ido don kariya ta rufe shi a daidai lokacin, kuma akwai karan ciyawa a baya da ya fito kamar daga ƙeyarsa ya tsiro. Kifin shi kaɗai yake riƙe da hoton, kuma ƙaramin kifi a inuwa bai isa wannan aiki ba. Da ka ci gaba da ɗauka, mai yiwuwa hoto na biyu ko na uku bayan wannan idon ya buɗe. Na uku ba shi da kifi ko kaɗan, amma shi ne wanda na fi daɗewa ina kallo, domin ka kama tsuntsun ya ɗaga ƙafa, rawayan yatsu a waje suna ɗigar ruwa, wuya ya fara naɗewa, duk wanda ya kalla ya san abin da zai biyo baya. Aibinsa biyu ne. Farin bayansa ya ƙone har babu zanen gashi, saboda ruwa mai duhu da ya cika hoton ya ruɗi ma'aunin kyamara ya ƙara haske. Maganinsa a rage awon haske da mataki ɗaya (wato a rage rabin hasken) ko fiye, a kunna alamar da ke ƙyaftawa a wurin da ya ƙone, a kuma ɗauka a tsarin RAW, wato ainihin fayil ɗin hoto da kyamara ba ta sarrafa ba. Aibi na biyu kuma shi ne ka yanke ƙasan hoton dab da inda ƙafa ta shiga ruwa, alhali ido yana neman wurin da sauran ƙafar take ko da ba ya ganinta.

Yadda na bi hotunan nan shi ne kusan dukkan amsar tambayarka ta biyu. Kafin ka ce komai a kan hoton wani, ka tambaye shi abin da yake nufi da shi da halin da ya ɗauka, domin wanda yake son shaidar cewa ya ga wani tsuntsu da ba a saba gani ba, da wanda yake son abin da zai rataya a bango, ba awo ɗaya ake yi musu ba, kuma hoton wata ɗabi'a da ba a cika gani ba yana da daraja ko da ya fito da yashi-yashi. Ka fara kallon hoton a ƙarami, ka lura da inda idonka ya fara sauka, ka gaya masa wannan, domin shi mai hoton ba zai iya gani ba: shi yana tuna sanyin safiyar da tsawon jiran da ya yi, idonsa kai tsaye yake zuwa kan kifin, bai taɓa lura da farar ledar da ke kusurwa ba. Sai daga baya ka faɗaɗa ka nemi dalilin kowane aibi. Dishi-dishi kala-kala ne, kuma kowanne da maganinsa: idan wani sashe ne kaɗai ya shafe, motsin tsuntsu ne; idan komai ya ja gefe guda, rawar hannu ce; idan ciyawar baya ta fi tsuntsu fitowa, fokas ne ya zame; idan babu inda ya fito tar kuma layuka suna kamar rawa, zafin iska ne; idan gashi ya zama kamar an shafe shi da man shafawa, an yanke hoton da yawa ne ko an matsa wajen goge yashi-yashi. Wanda ka ce wa "hotonka bai fito ba" ba ka ba shi komai ba, kamar yadda masu ce maka "ya yi kyau" ba su ba ka komai ba, amma wanda ka ce wa "ƙafafun sun fito, kan ne ya shafe, gwada 1/2000" ka ba shi abin da zai yi gobe da safe.

Ka riƙa rarrabe masa abin da zai gyara yau a kwamfuta, kamar karkata da yanka, da abin da sai ya koma bakin ruwa, kamar kusurwa da lokaci, da abin da sa'a ce kawai, kamar rufewar ido, don kada ya zargi kansa a kan abin da ba laifinsa ba. Ka kuma rarrabe aibi da son rai. Ƙonewar fari aibi ne, amma sa tsuntsu a tsakiyar hoto ko a gefe zaɓi ne, kuma ƙa'idar nan ta raba hoto gida uku da ake yawan ambata shawara ce, hoton tsuntsu da surarsa a ruwa sau da yawa ya fi kyau a tsakiya. Idan ra'ayinka ne, ka ce "ni da zan yi kaza", ka bar masa hukunci. Yabo ma yana buƙatar a nuna wurinsa kamar gyara, domin mai koyo sau da yawa bai san abin da ya yi daidai ba, balle ya maimaita. Ni ba na wuce gyara biyu ko uku a hoto ɗaya ga wanda ya fara, ko da na ga bakwai, kuma ba na cewa ya sayi wani gilashi sai na tabbata ya ƙure wanda ke hannunsa. Kada ka ɗauki hoton mutum ka gyara ka mayar masa ba tare da ka nemi izini ba, ko da niyyarka mai kyau ce, mutane da yawa suna jin zafin wannan fiye da kowace magana.

Wuri ɗaya ne ba na sassautawa, shi ne yadda aka samu hoton. Idan ka ga tsuntsu a hoto ya miƙe wuya sama yana duban kyamara a firgice, ko jerin hotunan duk na tsuntsaye ne masu tashi suna ba da baya, to an matsa musu, kuma tsuntsun da aka kora daga wurin kiwonsa ya yi asarar abincin da mai hoto bai biya ba. Abin ya fi muni a wurin sheƙa, inda tashin iyaye na 'yan mintuna yake barin ƙwai ga rana da hankaki. Matsawa kusa da sheƙa ba ta bar mai hoton ma lafiya ba: Eric Hosking, ɗaya daga cikin fitattun masu ɗaukar hoton tsuntsaye na Ingila, ya rasa idonsa na hagu a 1937 lokacin da mujiyar da yake ɗauka ta kai masa hari. Ka tambaya cikin ladabi, "daga wane nisa ka ɗauka?", ko "jefa masa kifin aka yi?", kuma idan an jefa, a faɗa. Manyan gasanni suna neman ainihin fayil ɗin RAW don tabbatar da cewa ba a sauya hoto ba, kuma gasar Wildlife Photographer of the Year, wadda gidan adana tarihin halittu na Landan yake shiryawa, ta ƙwace kyautar 2009 bayan alƙalai sun gamsu cewa kerkecin da ke hoton na gida ne da aka horar, ta kuma soke wani hoton da ya ci kyauta a 2017 bayan masana sun ce dabbar mai cin gara da ke cikinsa mushe ce da aka cusa wa kaya aka tsayar. Wannan ya shafi karan ciyawar da ke hotonka na biyu: kana iya goge shi a kwamfuta idan don kanka ne, amma duk inda za ka nuna shi a matsayin hoton abin da ya faru, ka rubuta cewa ka goge.

Idan ka koma, ka je da asuba, ka nemi farin tsuntsun nan mai rawayan yatsu, ka kwanta a gefensa da 1/2500 da f/5.6, ka bar ISO ya bi haske, ka rage awo da mataki ɗaya. Abin da za ka turo mini kuma kada ya zama hoto ɗaya da ka zaɓa, ka turo jeri guda cikakke tun daga naɗewar wuya har wanke baki, har da waɗanda kake jin kunyarsu, domin a cikinsu ne zan ga daidai inda ka fara dannawa da inda ka saki.